Dakalin Tanderun Yaya

A cikin kwana 40 da muka yi muna gina wa yayata tanderun burodi a Damagaram, kwana 26 a kan dakalinsa suka tafi. Kubbar da kowa ke yabo, wadda wuta ke ci a cikinta, mako biyu kacal ta ɗauke mu. Dakalin kuwa, wato mazaunin da tanderun ke ɗore a kai, shi ya cinye mana lokaci da ruwa da kusan rabin kuɗi, har ya so ya taɓa zumunci. A kansa nake son yin magana, domin na lura duk wanda ya zo neman shawarar gina tanderu, ko fur kamar yadda muka fi faɗa a nan, tambayarsa a kan kubba da ƙofa take tsayawa.

Mijin Yaya ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da ta fita takaba sai ta koma wa sana'ar da ta koya tun tana budurwa a ɗakin gwaggonmu, wato burodi. A gida take kwaɓawa, bayan sallar isha'i ita da babban ɗanta su ɗauki farantai a ka su kai wani gidan burodi a wata unguwa. Sai mai wurin ya gama nasa sannan a saka nata, ta biya kuɗin gashi a kan kowane faranti. Wani dare a tarar da sauran ƙarfin wuta, wani dare tanderun ya huce burodin ya fito fari fat. Wani lokaci kuma kwaɓin ya gaji da jiran layi ya yi tsami. Masu shayi uku da ke saye a hannunta suka fara ƙorafi, ɗaya ma ya janye.

Ta sayar da tumakinta biyu, ta ɗauki adashi, ta ƙulla jika 150 a bakin zane ta kawo mini. Ta ce, “Mushe,” haka take kirana kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a garin nan, “ina son tanderuna kafin azumi.” Azumin 2025 a farkon Maris zai kama, mu kuma muna tsakiyar Janairu. Na san abin da ke ƙulle a bakin zanen nan. Idan aikin ya lalace, babu wasu tumakin da za a sake sayarwa.

Ni ba magini ba ne. Lissafi da kimiyya nake koyarwa. Don haka na je unguwar Birni na roƙi wani dattijo, abokin mahaifinmu, wanda ya tsufa yana ginin ƙasa. Ranar farko Baba bai taɓa tubali ba. Ya sa aka kawo masa bokiti biyu na ruwa, ya zuba a tsakar gida, ya tsaya yana kallon inda ruwan ya bi da inda ya kwanta. Kusurwar da Yaya ta zaɓa, kusa da madafa, can ruwan ya je ya taru. Ya girgiza kai ya nuna wani ɗan tudu nesa da magudana. Ya ce, “Ɗiyata, ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa.”

Babu wanda ya yi masa musu. Watanni huɗu kafin nan, ranar 3 ga Satumba 2024, tsohon masallacin Birni, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwan sama. Gidajen ƙasa da dama sun bi shi a wannan damina. Garin da aka san shi da ƙishirwa ya ga abin da ruwa ke iyawa, kuma kowa na da labarin bangon da ya gani yana zagwanyewa daga ƙasa.

Ya kuma zaɓi inda ƙofar tanderun za ta kalla tun kafin a sa diga. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuma daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara cinyewa a kowane gida. Ƙofa ta kalli kudu. Tsayin dakali kuwa a jikin Yaya aka auna shi. Aka ba ta taɓarya ta riƙe kamar tana tura faranti cikin wuta, Baba ya sa alama a daidai inda hannunta ya tsaya ba tare da ta sunkuya ba. Ya kama santimita 90. Mai gashi na tura faranti yana jawowa sau da yawa a dare guda, shekara da shekaru, kuma dakalin da ya yi ƙasa da yawa a bayan mai shi yake karɓar kuɗinsa.

Abin da na fahimta a aikin nan shi ne, dakalin tanderu ayyuka uku yake yi a lokaci guda: ya ɗauki nauyi, ya tare ruwan da ke hawowa daga ƙasa, ya kuma tare zafin da ke son sauka daga sama. Kowanne da kayansa, kuma kayan da ya dace da ɗaya yakan zama illa ga ɗayan.

Na fara da nauyi, tunda shi na iya lissafawa. Muna son cikin tanderun ya yi faɗin mita ɗaya. Idan aka haɗa da kaurin kubba ta kowane gefe, dakali sai ya zama santimita 160 tsawo, 160 faɗi. A ninka da tsayin santimita 90, a cika da dutse da ƙasa, ya kai kusan tan 4. A ɗora kubba a kai, an doshi tan 5. Na gaya wa Yaya ta ƙiyasta buhun siminti 100 an jibge su a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Irin wannan nauyi idan ya zauna a kan ƙasa mai laushi, gefe ɗaya zai nutse fiye da ɗayan. Ko da kaurin yatsa ɗaya ne, ya isa ya tsaga kubba daga ƙofa har ƙeya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tanderu, ta tsagar nan zafi ke fita.

Muka haƙa rami mai zurfin rabin mita, har muka wuce baƙar ƙasar sama mai toka da shara muka taɓa ƙasa mai tauri. Don kusurwoyi su tashi daidai, na kawo dabarar da nake koya wa ɗalibai a allo: a auna santimita 60 ta gefe ɗaya, 80 ta ɗaya gefen, idan tsakanin alamomin biyu ya ba da 100 cif, kusurwa ta daidaita. Baba ya yi dariya ya ciro igiyarsa mai ƙulle-ƙulle, uku da huɗu da biyar, ya ce wurin ubangidansa ya gaje ta, wanda bai taɓa shiga aji ba.

Dutse ba ya wuya a Damagaram, garin da ke zaune a tsakanin manyan duwatsu. Amalanken jaki uku na fasasshen dutse muka zuba a ramin, manya a ƙasa, tsakuwa a sama, muna daddaɓewa da guntun gungume bayan kowane taki guda. Baba ya hana a zuba ƙasa ko yashi a tsakaninsu. Dalili shi ne aiki na biyu. Ruwa na hawa cikin ƙasa mai laushi kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ta ƙananan kafofin da ido ba ya gani. Idan ya iso wurin tsakuwa, inda kafofin suka yi faɗi, sai hawan ya gagare shi. A kan wannan shimfiɗa muka tayar da sahu uku na dutse da kwaɓin siminti, har suka ɗago santimita 30 daga ƙasa, daidai inda fallatsin ruwan sama ke dukan bango. A samansu aka shimfiɗa leda mai kauri, ninki biyu.

Nan siminti ya tsaya, bai ƙara hawa sama ba. Mutane na ganin siminti shi ne ƙarshen ƙarfi, amma ba ya shiri da wuta. Da zafi ya wuce digiri 300 sai ya fara rauni, cikin tanderu kuwa yakan haura digiri 400 lokacin da ake hura shi. Yumɓu shi ne mai son wuta, amma ba ya shiri da ruwa. Saboda haka kowa aka ajiye shi inda ya fi ƙarfi, siminti a ƙasa wajen ruwa, yumɓu a sama wajen wuta.

Sai kwana bakwai na ban ruwa. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma iskar hunturu na zuƙe danshi kafin ya gama aikinsa. Muka lulluɓe ginin da tsofaffin buhuna, safe da yamma ana jiƙawa, da ruwan da ake saye jarka-jarka a hannun ƴan garuwa. Waɗannan kwanaki su suka fi mini nauyi. Mako biyu da fara aiki, an kashe kuɗi masu yawa, abin da ido ke gani bai kai gwiwa ba. Maƙwabta na leƙowa suna tambaya ko makwancin awaki ake yi. Ƙanen marigayi ya zo ya zagaya wurin, ya ce a unguwarsu an gina wa wani tanderu cikin kwana biyar, a ƙasa kai tsaye, kuma yana gashi. Da ya tafi Yaya ta same ni a zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Mushe, kuɗin marayu ne fa kake binnewa a ƙasa.”

Ban ba ta amsa da baki ba. Da yamma na ɗauko tubali biyu da faranti biyu, na zuba ruwa kaɗan a kowanne. Tubali ɗaya na tsayar da shi cikin ruwan kai tsaye, ɗayan na ɗora shi a kan tsakuwa da guntun leda. Da safe na farkon ya yi baƙi har kusan rabinsa, ƙasansa ya zama laka. Na biyun na nan yadda aka ajiye shi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta aiki yaro ya kira mai garuwa.

Tanderun da ya sha danshi ba lalle ne ya faɗi ba. Abin da ya fi yawa shi ne ya zauna yana cin itace. Kafin daɓensa ya ɗauki zafin gashi, sai wutar ta fara ƙafar da ruwan da ke cikinsa, kuma muddin akwai ruwa, wurin ba zai wuce digiri 100 ba, alhali burodi na son 230 zuwa 250. Idan kuma aka matsa masa da babbar wuta, ruwan ya zama tururi, tururi kuwa na neman wuri fiye da sau dubu na ruwan da ya fito daga ciki, sai ya fasa hanyar fita.

Daga kan ledar muka tashi da tubalin ƙasa, bango ta gefe huɗu, muna cika ciki da ɓaraguzan gini da jar ƙasa, taki-taki, muna daɓewa. Muka tsaya saura kusan santimita 30 a kai alamar Yaya. A wannan ɗan fili aikin na uku yake, kuma shi ne ke yanke hukuncin ko sana'ar za ta ciyar da gida.

Zafi ba ya zaɓen hanya. Kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, sama ne ko ƙasa. Idan aka shimfiɗa daɓen tanderu a kan tan 4 na dutse da ƙasa ba tare da shamaki ba, wannan tudu zai yi ta zuƙe zafin kamar yashi da ruwa. Zagayen farko ya gasu, na biyu samansa ya yi ja ƙasansa ya fito ɗanye, sai a kwashe a sake hura wuta. Itace kuma a ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Gawo da sauran itatuwan da ake gani yau a gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma ne suka raine su da sassabin zamani tun daga shekarun 1980, suna barin toho ya girma maimakon su sare, har kusan hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Kowane dami da ya ƙone a banza daga wannan guzuri aka ciro shi, kuma daga ribar Yaya. Wasu sun ce mata ta koma gas, tunda matatar SORAZ na kusa da mu tana aiki tun 2011, amma kuɗin tanderun ƙarfe ya fi ƙarfin abin da ke bakin zanenta.

Shamakin da ya fi araha iska ce, iskar da aka kulle ba ta motsi. Jan bulo na wuce da zafi fiye da ita sau 20 da ɗoriya. Hanyar kulle ta a hannun talaka ita ce kwalabe. Muna bukatar sama da 100. Kwalaben lemo ana mayar da su a karɓi kuɗi, ba a samunsu a bola. Waɗanda ake samu kyauta da yawa an san daga irin gidajen da suke fitowa. Wani yaro ya kawo buhu guda, Yaya ta leƙa ta ga tambarin da ke jiki, ta ce wallahi ba za ta gasa wa masu azumi burodi a kan kwalbar giya ba. Na ce mata gilashi ne kawai, wanke shi za a yi. Ta ce, “Kai ka san gilashi, ni na san bakin mutane.” Aka mayar da buhun. Yaranta da abokansu suka bazama cikin unguwa, kwana huɗu suna tara kwalaben maganin tari, da na turare, da na lemo masu fasasshen baki. Ƙaramar ɗiyarta ce mai ƙirga, kullum da yamma sai ta zo ta ce, “Kawu, saura nawa?”

Muka cire murafe duka, don iskar ciki ta samu wurin numfasawa idan ta ɗumama. Muka kwantar da kwalaben a jere, da tazarar yatsa tsakanin kowace da ƴar'uwarta, don kada su gogi juna su fashe. Tsakaninsu da samansu aka cike da ƙaiƙayin gero da aka cuɗa da ruwan yumɓu, kaɗan kawai, yadda zai kama jikinsa. Ƙaiƙayin ma shamaki ne. Ko ya ƙone a hankali da daɗewa, gurabunsa na nan cike da iska.

A nan ne ni da Baba muka sha bamban. Shi ya saba ganin masu gidajen burodi na dā suna zuba gishiri a ƙarƙashin daɓe, har ya ce a samo kantu biyu na gishirin Bilma a daka. Ya ce gishiri na riƙe wuta. Na ce haka ne, Baba, yana riƙewa, amma yashi da yumɓu ma na riƙewa, kuma gishiri na jan danshi. Duk mai ɗaki ta san yadda gishirinta ke jiƙewa a watan Agusta. Ga shi mun yi mako uku muna korar ruwa ta ƙasa, kada mu kira shi ta sama. Ya ce ya ga tanderun da ya shekara 30 da gishiri. Na ce ban musa ba, amma tanderun da ake hurawa dare da rana ba ya samun sararin jan danshi, na Yaya kuwa zai riƙa hucewa. Muna cikin haka ta tambayi kuɗin kantu biyu. Da ta ji, ta ce gishiri na miya ne. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce mai kuɗi ta yanke.

A kan kwalaben muka zuba abin da zai riƙe zafin, kaurin santimita 10 na yumɓu da yashi. Yumɓun daga wajen Mirriya aka kawo, garin masu ginin tukwane, kusan kilomita 20 gabas da mu. Yumɓu zalla na tsukewa idan ya bushe ya tsattsage, don haka sai da muka yi gwaji: ƙananan tubala uku, ɗaya da yashi kashi ɗaya, ɗaya kashi biyu, ɗaya kashi uku. Na farko ya tsage, na uku ya rududduge a hannu, na tsakiya ya tsaya. Da shi muka yi. Aka tattaka da ƙafa, aka shimfiɗa, aka daɓe, aka duba daidaito da tiyo mai ruwa a ciki, tunda ruwa a bakin tiyo biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa.

Na ƙarshe shi ne daɓen da burodi zai zauna a kai. Jan bulo ne da muka saya daga wani tsohon gini da aka rushe, muka zaɓi masu santsin fuska. Aka baza lallausan yashi kaurin yatsa biyu, aka jera bulon a kai ba tare da kwaɓi ba, kowanne manne da ɗan'uwansa, ana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma har su daidaita. A karkace aka jera su, don bakin faranti kada ya riƙa karo da gaɓa. Rashin kwaɓin da gangan ne. Bulo na buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, yana son wurin motsi, toka ce za ta cike tsakani, kuma ranar da ɗaya ya fashe sai a zare shi a sa wani. Baba ya rufe ido ya shafa tafin hannunsa daga wannan gefe zuwa wancan. Inda ya ji tudu ya ƙwanƙwasa. Da ya gama ya ce, “To Mushe, yanzu a iya gina tanderu.”

Kubba ta tashi, aka shafe jikin dakali da makuba, aka kafa rumfar kwano a sama. Kwana biyar ana hura ƴar ƙaramar wuta don ginin ya bushe a hankali. Daren da aka ga wata aka yi hurin farko na gaske. Hayaƙi ya fara baƙanta cikin kubbar, can sai baƙin ya ƙone ta koma fari, alamar ta ƙoshi. Aka kwashe garwashi, aka goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, aka saka farantai. Ni ban tsaya a bakin ƙofa ba. Na zagaya baya na dafa jikin dakali, ƙasa da layin kwalabe. Sanyi ƙalau, alhali tazarar kamu biyu a sama wuta ce da za ta narka dalma.

Da huri ɗaya take gasa zagaye uku. Bayan burodi ta zuba gyaɗa, bayan gyaɗa maƙwabta su kawo tukwanensu su kwana a ciki. Mai shayin da ya janye ya dawo, ya zo da wani. Damina ta zo ta wuce, danshi ya hau sahun dutse ya tsaya a ƙarƙashin ledar, layinsa na nan a fili ga mai son gani. Bayan babbar salla ta gama zubin adashinta, kuma yanzu akwai tunkiya ɗaya ɗaure a kusurwar nan ta kusa da madafa. Allah ya jiƙan mijinta, ya raya abin da ya bari, ya saka wa Baba da alheri.